Baƙona daga Turai zai zauna kusa da ruga: me zan faɗa masa game da kiwo?

Wani ɗan'uwa daga ƙasar Haɗejia a jihar Jigawa ya aiko da tambaya. Ƙungiyar da yake wa aiki za ta kawo wani Bature ɗalibin aikin gona ya zauna a ƙauyensu wata huɗu, daga Oktoba zuwa Janairu, kuma shi aka ɗora wa kula da shi. Baƙon bai taɓa ganin kiwo irin namu ba. Ya ce yana son zuwa ruga, yana son ganin kara, wato kasuwar dabbobi, yana kuma son ya bi makiyaya daji. Me ya kamata a koya masa kafin ya sauka, kuma a ina aka fi samun matsala?

Malam, abu na farko da za ka dasa masa a rai shi ne babu dabbar da ba ta da mai ita. A ƙasarsu dabba tana cikin shinge, gona ɗaya mai ita ɗaya, kowace saniya da lamba a kunne. Idan ya ga awaki suna yawo a lungu, ko shanu sittin a bakin titi da yaro ɗaya riƙe da sanda, zai ɗauka sakaka ne kawai. Yawancin kurakuran baƙi daga wannan zaton suke tasowa. Garken nan na shanu sittin yana iya zama na mutum shida ko fiye: akwai na maigida, akwai na matansa da suka samu ta sadaki ko gado, akwai waɗanda aka ba 'ya'ya tun suna ƙanana, akwai kuma na amana da wani ɗan kasuwa ko ma'aikaci a gari ya kawo kiwo. Yaron da ke biye da su wataƙila ɗan gidan ne, wataƙila kuma ɗan haya ne da ba shi da ko maraƙi a ciki. Saboda haka ba shi da ikon ya ce a saya, ko a ɗura wa saniya magani, ko a ɗauki jininta don bincike. Nono ma yana da masu shi. A yawancin rugage, da zarar an gama tatsa ya zama na mata, su ke sarrafa shi, su ke kai shi talla, kuɗinsa nasu ne. Baƙon da ke son sanin harkar nono ya zauna da maza kaɗai, to rabin labari zai tafi da shi.

Akwai kuma aron da Fulani ke kira habbanaye, wanda ya fi ƙarfi a Nijar. Mutum yakan ba ɗan'uwansa ko abokinsa karsana, ta zauna wurinsa har ta haihu, a wasu wuraren har sau uku, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Da haka wanda fari ko cuta ta cinye wa dukiya yake sake tayar da garke. Saniyar habbanaye ba a sayar da ita, kuma an fi tattalinta a kan sauran.

Daga nan sai maganar ƙidaya. Ka hana shi tambayar "shanunka nawa?", ka kuma hana shi nuna su da yatsa yana lissafi. Dalili biyu ne. Na ɗaya, tsoron baki da kambun baka. Na biyu, tarihi: shekaru da yawa ana karɓar jangali a kan kowane kan saniya, tun kafin zuwan Turawa har zuwa shekarun 1970 da aka soke shi, don haka baƙo mai littafi da biro yana ƙirga shanu ba abin farin ciki yake tuna wa dattawa ba. A yau kuma ga satar shanu da garkuwa da mutane, wanda aka san yawan dukiyarsa ya shiga haɗari. Idan bincikensa na bukatar alƙaluma, ya tambayi abin da ba ya tona asiri: wata nawa ake yi ana tatsar saniya, shekara nawa karsana take yi kafin haihuwar fari, wace cuta ta fi damun su bana. Waɗannan za a amsa masa da daɗin rai, har a ƙara masa da abin da bai tambaya ba.

Lokacin da zai sauka shi ne mafi tsanani a shekara, kuma wannan ya kamata ka yi masa bayaninsa dalla-dalla. A Oktoba an riga an yanke gero, amma dawa da wake suna gona har Nuwamba, wani lokaci har Disamba. A daidai wannan lokacin ne tafkunan arewa ke ƙafewa, garkunan da suka yi damina a can, har da na Nijar, suke gangarowa kudu. Shanu masu yunwa, gona cike da amfani, burtalin da a da yake da faɗi yanzu noma ya matse shi: nan ɓarna take faruwa. Bayan an kwashe amfani sai al'amari ya juya. Manomi da kansa yakan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da ganye, su kwana su zuba taki, a wasu wuraren har manomin ya ba da damin hatsi. Sai dai wannan tsohuwar ma'amala ta yi rauni, domin kara da harawa sun zama kuɗi, manomi yana tattare su ya ɗora a bishiya ko rufin ɗaki ya sayar da bazara. Daga Disamba zuwa Janairu kuma garkuna sukan nufi fadamar Haɗejia da Nguru. Ita ma fadamar ba kamar da take ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliya ya canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, noman rani na shinkafa da alkama da tattasai ya cinye wurare da dama da shanu ke bi zuwa mashaya. Idan ya fahimci wannan, ba zai yi saurin yanke hukuncin wane ne mai laifi ba. Akwai dokoki a takarda, kamar dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 da yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan tsallaka iyaka da dabbobi, amma abin da ke kashe wuta a ƙauye shi ne zaman bulama da arɗo da dattawa, a je a duba gonar, a ƙiyasta ɓarna, a biya. Ranar da irin wannan ta taso, baƙonka ya koma gida. Kada ya ɗauki hoto, kada ya ba da shaida, kada ya ce uffan. Hoton da ya ɗauka da kyakkyawar niyya yana iya yawo a waya ya zama makamashin rikici.

Zuwa ruga yana da matakai. A fara sanar da bulama ko dagaci, shi ya haɗa ku da arɗo, arɗo ya sa rana. Ba a faɗa wa ruga kwatsam, musamman a wannan zamani. Lokaci mafi dacewa shi ne da safe bayan an gama tatsa, kafin a kora shanu, ko bayan la'asar lokacin da suke dawowa. Ku ajiye mota nesa ku taka da ƙafa, ku tsaya daga waje ku yi sallama har a fito, saboda karnuka da kuma mutunci. Za a shimfiɗa tabarma, ya cire takalmi, ya zauna, ya bar gaisuwa ta yi tsawonta: gida, iyali, dabbobi, sanyi. Ya gaisa da hannun dama, kada ya miƙa wa matan aure hannu. Tsaraba mai kyau ita ce goro, sukari, ganyen shayi, sabulu, da gishiri ko kanwa ta shanu, a miƙa wa babban gida shi ya raba. Raba wa yara kuɗi yana ɓata su, yana kuma kunyata iyaye. Ka gaya masa kunya babban abu ce a wurin Fulani. Mutum yana iya jin yunwa ya ce ya ƙoshi, yana iya ƙin abu ya yi shiru yana murmushi, mace ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗan farinta ba. Shiru a nan ba amincewa ba ne, kai ne za ka riƙa karanta masa.

A cikin ruga akwai doguwar igiya da ake ɗaure maruƙa a jere. Kada ya tsallake ta, ya zagaya. Kada ya shiga inda shanu ke kwana sai mai su ya ja shi. Shanunmu sun san masu su da murya da wari, baƙo kuwa suna gudunsa ko su yi kansa. Fararen nan Bunaji suna da dama-dama, Bokoloji masu gajeren ƙaho sun fi sanyin hali, amma jajayen Rahaji masu dogon ƙaho ba sa son baƙo ko kaɗan. Mafi haɗari ita ce saniya mai sabon maraƙi, ta fi bijimi saurin kai suka. Ya tsaya gefen makiyayi, ta wajen kafaɗar dabba, ba ta baya ba, domin saniya tana harbi ta gefe da ta baya. Kada ya shiga tsakanin uwa da ɗa, kada ya buɗe lema, kada ya yi gudu. Jirgin nan mara matuƙi na ɗaukar hoto kuwa ya bar shi a akwati. Ƙararsa tana tarwatsa garke, shanu su afka gonar mutane, ga shi kuma jama'a da jami'an tsaro za su yi masa wata fassara. Hoton mutane ma sai da izini, na mata kuma sai da izininsu da na mazansu.

Za a kawo masa nono a ƙwarya, kuma a nan ne karamci da lafiya suke karo. Ƙin karɓa cin fuska ne, shan ɗanyen nono kuma yana da haɗari na gaske ga wanda jikinsa bai saba ba, har ma ga wanda ya saba. Cuta biyu ake tsoro: tarin fuka na shanu, da bakkale, wadda ke sa shanu ɓari da kumburin gwiwa. A jikin mutum bakkale zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, yana iya bayyana bayan makonni ko watanni, sau da yawa a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a yi ta shan maganin da ba nasa ba. Maganinta haɗin ƙwayoyi biyu ne na tsawon mako shida aƙalla. Tsamin nono yana rage ƙwayoyin cuta amma ba ya kashe su duka. Mafita mai sauƙi ita ce ka sanar da masu gida tun kafin ku je cewa cikin baƙon ba ya ɗaukar nono sai dafaffe. Ba wanda zai ji haushi, mata da yawa ma dama sukan dafa madara kafin su kwantar da kindirmo. A tafasa madarar ta taso sosai, a sauke, a rufe. Ya karɓi ƙwarya da hannu biyu ko da dama, ya yi godiya. Idan ya tarar ana karɓar haihuwa ko an yi ɓari, kada ya taɓa mahaifa ko ruwanta da hannu tsirara. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura, ana zargin ciwon saifa: ba a feɗe ta, ba a cin namanta, ba a taɓa fatarta, a kira malamin dabbobi. An tabbatar da ɓullar wannan cuta a jihar Neja a 2023, ba tsohon labari ba ne. Cizon kare kuwa, a wanke da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurar haukan kare. Gara ma ya yi rigakafinta tun a ƙasarsu. In ya koma gida ya yi zazzaɓi, ya gaya wa likita ya zauna da shanu.

Bin kiwo daji ba yawon shan iska ba ne. Da rani garke yana iya cin kilomita 10 zuwa 15 a yini tsakanin ciyawa da ruwa, makiyayi kuma ba ya zama. Ya fara da rabin yini, da ruwan sha lita 4, hula mai faɗi, dogon wando mai kauri saboda ƙarangiya, da takalmi mai rufe idon sawu saboda kububuwa. Kada ya shiga ruwan tafki, akwai tsargiya. Da yamma ya duba jikinsa, in ya ga kaska ya kama ta daf da fata ya zare a hankali, ba a murɗewa, ba a fasa ta da farce. Ban ba da shawarar kwana a daji ga Bature ba a halin da ake ciki, ko a inda ake ganin lafiya lau. Ka sanar da hakimi da 'yan sanda zuwansa, kada ku riƙa sanar da inda za ku gobe, ku dawo kafin magariba.

Yanzu abin da ya fi ɓata tsakanin baƙi masu ilimi da makiyaya, wato shawara. Zai ga shanu sun fara ramewa a Janairu, ya ga saniya tana ba da lita ɗaya ko ɗaya da rabi bayan maraƙi ya sha, alhali ya baro masu ba da lita 25 zuwa 30. Zai ce a rage garke, a kawo irin Turai. Ka roƙe shi ya riƙe wannan a cikinsa har ya yi lissafi. Saniyar gida mai nauyin kilo 250 tana rayuwa da busasshen abinci kimanin kilo 6 a yini, tana jure ƙishirwa da zafi da kaska, tana ramewa da bazara ta murmure da damina. Baƙa da farar nan ta Turai tana bukatar abinci ninki uku na wannan kuma mai kyau, ruwa fiye da lita 80, inuwa, da likita a kusa, ba ta kuma iya tafiyar kilomita goma. Game da rage garke, karsana a kiwon gargajiya sai ta kai shekara huɗu ko fiye take haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wasu maruƙan ba sa kai shekara. Wanda ya sayar da matan shanunsa zai yi shekaru kafin ya mayar. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984, da bushiyar da ta yi ɓarna a 1983, sun san mai garke babba ne ke tsira da abin da zai sake farawa. Makiyayi yana sayarwa, amma bijimai da tsofaffi da juya yake fitarwa, kuma da wata bukata a gabansa.

Kada ya zo da magungunan dabbobi yana rabawa. Allurar da aka yi ba bisa nauyi ba tana sa cuta ta daina jin magani, kuma matsalar ta riga ta yi yawa a maganin sammore da na tsutsa. Wasu magungunan tsutsa suna lalata ɗan tayi idan aka ba dabba a farkon ciki. Bayan allurar kashe ƙwayoyin cuta akwai kwanakin da ba a shan nonon dabbar ko cin namanta. In kuma saniya ta mutu bayan maganinsa, ko da ba shi ne sanadi ba, sunansa da naka sun ɓaci. Idan yana son taimako, ya bi ta ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a shirya rigakafin ciwon huhu ga shanu da na annobar awaki da tumaki. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin waɗannan allurai, kuma matsalar yawanci ta sanyi ce da sufuri: allurar da ta yini a rana ruwa ce kawai.

Kara kuwa ka kai shi Maigatari ranar Alhamis, zai ga shanu da raƙuma da tumakin Uda da Balami daga Nijar. Ku je da wuri, ku fara gaida shugabannin kara. Ciniki ta hannun dillali ake yi, shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma yana da la'adarsa. Ka gargaɗe shi kada ya taya abin da ba zai saya ba. In ya taya aka ce "albarka", an ƙi ke nan, in aka sallama masa kuwa ciniki ya faɗa, janyewa abin kunya ne. Idan zai sayi rago, kai ka yi magana shi yana nesa. A buɗe baki a duba haƙora: manyan haƙora biyu a gaba na nuna shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, huɗu kimanin shekara biyu. A ja fatar ido a ga ja ce ba fari fat ba, hanci ba majina, gindi ba zawo. A gida a ware shi mako biyu kafin ya haɗu da na gida. Baƙi sukan kashe rago da ƙauna: a cika masa kwano da masara ko gero rana ɗaya, ciki ya kumbura, ya kwanta, ya mutu. Harawa ce tushen abinci, dusa a fara da cikin tafi ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa a hankali cikin kwana goma, da ruwa da ɗan gishiri. A tsince leda daga tsakar gida, domin tana taruwa a tumbi ta kashe dabba sannu a hankali. Wannan ya shafi ragon kyauta ma, don mai yiwuwa ne a ba shi rago ko zakara ranar sallama. Ya karɓa, mayarwa ba ta cikin al'ada, biyan kuɗinsa nan take kuma ya fi mayarwa muni. Daga baya ya aika da tukuici ta hannunka.

Saura hanya. Idan garke yana tsallaka titi, a tsaya cak, ba a matsa ham, ba a kutsawa ta tsakiya. A jira har ƙarshe, domin maruƙa da gurguwa da ƙaramin yaro su ne a baya. Akuya takan kauce, amma tunkiya ɗaya in ta tsallaka sauran sai sun bi ta ko mota na zuwa, jaki kuma tsayawa yake yi a tsakiyar hanya. Da magariba ƙura da hazon hunturu suna ɓoye garke, da dare kuma raƙumi ba a ganinsa sai an zo daf. Gara a samo masa direba ɗan gari. In tsautsayi ya sa aka buge dabba, ba a gudu. A tsaya, a nemi mai ita, in tana da sauran rai a bar Musulmi ya yanka ta don kada ta zama mushe, kuɗin naman zai rage abin da za a biya. A kira bulama ko wani dattijo a yi ƙiyasi a gabansa, saniya mai ciki ko mai shayarwa ta fi kuɗin da za a gani a kara, a biya da shaidu. Idan taro ya fara zafi, baƙon ya zauna a mota, ku wuce ofishin 'yan sanda mafi kusa ku kai rahoto da kanku, a kammala maganar biya a can.